Guntun Igiyar Laima

Shekarar samun 'yancin kai Arzika ya dawo Lolo, bayan ya koyi dira daga jirgin sama da laima. Ya sami Mero a bakin kogin Kwara tana gyaran tarun mahaifinta.

Ba ta ɗago ba. "Baba ya ce ba shi ba da ɗiyatai ga wanda rainai ke rataye ga zare."

Arzika ya ciro guntun igiyar laimarsa, ya miƙa mata. Ta sa haƙori ta ja, yadda masunta ke gwada zaren taru. Igiyar ko gezau.

Ta dube shi, ta ƙulle ta a bakin zane.

"Bari Baba shi ciza da kainai. Kai dai taho bayan la'asar."