Ƙafar Injiniya

Ta manna faifan roba biyu a ƙaurinsa, ta murɗa maɓalli, 'yar fitilar na'urar ta kawo kore. Ƙafar ta ɗaga, ta ɗan tsaya, ta sauka.

"Kin gani? Lantarki kawai take jin maganarsa," in ji mijinta. "Ni kam ta raina ni."

Malama ta yi dariya, ta gyara masa matashi.

Injiniya ake ce masa a unguwa, don shi ke gyaran wutar gidaje da fanka da rediyo. Ya faɗo daga tsani daf da lokacin da za ta tafi ƙaro karatu a jami'ar wani gari, tafiyar da suka daɗe suna sa-in-sa a kanta. Aka dawo da shi daga asibiti a keken guragu, ƙafar dama ba ji ba motsi. Ta kwance akwatinta ta mayar da kaya durowa.

Likitar gashin ƙashi ce ta ba su na'urar, ta koya mata yadda ake sa ta. Ta ce wutar tana sa tsoka ta ja ko ƙwaƙwalwa ba ta ba da umarni ba, sannan saƙo ya hau ta laka zuwa ƙwaƙwalwa kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Ta ɗan buga masa gwiwa da 'yar gudumar roba, ƙafar ta harba.

"Kar ki yi saurin murna, wannan laka ce ta amsa, ba shi ba," in ji likitar. "Ranar da ya ɗaga ta da kansa, ranar ki ɗaure akwatinki."

Ranar Malama take jira. Safe da yamma ta manna, ta murɗa, ta kashe. A makonnin farko yakan jiƙe da zufa yana cije leɓe, ya ce zafin ɗaki ne. Daga baya zufar ta ɗauke, har hira yake yi ana gashin, idonsa a kan hannunta. Ta ɗauka jiki ne ya saba.

Ita ke ciccibarsa zuwa banɗaki. Ita ke yanke masa farce, ta juya shi kada kwanciya ta ci masa baya. Ta rage azuzuwanta a makaranta, ta daina zuwa gidansu sai ta waya. Mahaifiyarsa in ta zo dubiya sai ta riƙe hannunta ta ce, "'Yar nan, Allah Ya saka miki." Likita ma ta taɓa auna ƙaurin ta ce abin mamaki, bai rame ba, hannun Malama da albarka. Da likitar ta kawo shawarar a sake ɗaukar hoton bayan, ya ce me za su gani da ba su gani ba.

Jami'ar ta ɗaga mata ƙafa sau ɗaya. Da suka sake kira ran nan da safe, ta fita tsakar gida ta ce su ba wani gurbin. Ta wanke fuska ta dawo, ta yi masa gashi kamar kullum.

"Ban so ki rasa ba," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ai kai ne gaba."

Bayan azahar barci ya ɗauke shi. Damtsenta yana mata zugi saboda ɗagawa, sai ta ce bari ita ma ta ɗanɗana. Ta manna faifan a hannunta ta murɗa. Fitila ta kawo. Ba ta ji komai ba. Ta ƙara, ta ƙara, har maɓallin ya ƙure. Ko tsikar jiki.

Ta bi wayar da yatsa tun daga faifan. Can gindi, ƙarƙashin robar da ke rufe mahaɗa, ta ji tudu. Ta ja robar. Baƙin salatif ne, an naɗe shi tsaf, ya daɗe har dankonsa ya bushe. Ta warware. An datse wayar da filaya, an lanƙwashe kowane baki baya don kada su haɗu, aikin gwani.

Ta juya ta dubi gadon, inda yake ta minshari hankali kwance. Ƙafar nan rabonta da wuta tun ranar da zufa ta ɗauke. Duk ɗagawar da ta yi tun daga nan, har da ta safiyar yau, Injiniya ne ya ɗaga ta da kansa.