Minti Arba'in na Tabawa

Tun shekarar da aka zuba maganin shanyewar jiki a ruwan famfo, jinin mutane ya daina daskarewa da kansa. Ko reza ce ta yanke ka, sai an yi maka allurar kalsiyam mai tsayar da jini a rumfar unguwa.

Da azahar Malam Barau ya faɗo rumfar Lantana mai allura, ya naɗe yatsa da hula, hular ta jiƙe sharkaf.

"Rake nake ferewa. Taimaka, 'yar nan!"

Lantana ta gane shi. Shi ke riƙe da rumfar nan a bara, ranar da aka kawo ƙanwarta Tabawa tana zubar da jinin haihuwa. Ya ce sai ya gama cin abinci. Kafin ya suɗe hannu ta cika.

Ta zuƙo allurar, ta ajiye inda zai riƙa ganinta, ta tura masa kwano da ƙafa.

"Ɗiga a nan, Malam. Yanzu na goge simintin."

"Don girman Allah, me kike jira?"

Ta buɗe kular tuwonta, ta wanke hannu a tsanake.

"Minti arba'in Tabawa ta yi a bencin nan. Kai ko biyar ba ka yi ba."