Jan Idon Mai Gyaran Agogo

Kai da kullum kake neman maƙiyinka a waje, saurari misalin wani mai gyaran agogo. Shekara ashirin yana ci da idonsa a bakin kasuwa. Wata safiya ya tashi idon dama ya kaɗa ya yi jajur, yana zogi har cikin kai, haske kuwa kamar ana watsa masa barkono. Da yake telan da ke maƙwabtaka da shi bai daɗe da warkewa daga ciwon idon afolo ba, sai ya ce ai shi ya shafa masa. Ya daina ba shi hannu, ya ware kofinsa da butarsa a gida, ya hana 'ya'yansa matsowa kusa. Ya sayi maganin ɗigawa a kemis, ya ƙare, ya sayi wani. Mako uku, ba wanda ya kamu a gidan, idon bai ko yi kwantsa ba, amma ƙananan kusoshin agogo sun fara ɓace masa cikin hazo. Abin ya ɗaure masa kai. In afolo ne, me ya sa bai wuce ba? In ba shi ba ne, to wa ya jefe shi? Har ya fara lissafa abokan sana'a ɗaya bayan ɗaya.

Telan nan da ya ƙaurace wa, shi ne ya ɗauke shi a babur zuwa asibitin ido. Likita ta haska idon ta daɗe tana dubawa, sai ta tambaye shi ko bayansa kan riƙe da asuba. Ya yi sororo, ya zo da ido ana tambayarsa baya, kuma gaskiya ne, shekara biyu sai ya dafa bango yake miƙewa. Ta ce masa: "Baba, babu ƙwayar cuta a idon nan. Garkuwar jikinka ce ta rikice, take yaƙar idonka da bayanka gaba ɗaya." Ta ba shi magani iri biyu, ɗaya na kwantar da kumburi, ɗaya na buɗe ƙwayar ido, ta gargaɗe shi kada ya yanke na kumburin don ya ga jan ya tafi, a hankali za a janye shi. Da ya ɗiga na biyun gani ya ƙara dushewa, har ya yi niyyar jefar da kwalbar, tela ya tuna masa an faɗi haka tun a asibiti. Ya daure. Bayan wata biyu zogi ya tafi, ya koma kan bencinsa, sai dai makonnin da ya ɓata sun ci rabonsu, da idon hagu yake aikin yanzu. Har yau in ya ba da labarin sai ya girgiza kai, wai ya tsare ƙofa, ya zargi maƙwabci, ashe mai ɓarnar tare suke kwana cikin riga ɗaya. Shi ya sa Hausawa suka ce, da ɗan gari akan ci gari.