Tarin da Baba bai ji ba

Ba a daɗe da tafiyar Faransawa ba, muna zaune a unguwar Maourey. Baba direba ne, yana da tsohuwar bashe, motar nan mai tamfol a baya, wadda yake kai kayan 'yan kasuwa Saga da ita. Ran nan bayan la'asar ya buɗe injinta a ƙofar gida don ya canza mata sarƙa, saboda tsohuwar ta saki har tana ƙara.

Ni kuwa na kwana biyu ina fama da tari, ina zaune a tabarma kusa da shi.

A kwanon shan kununa ya wanke sabuwar sarƙar da isansi, wato fetur. Ya ɗora ta a kan haƙoran ƙarfe a hankali, kamar mai sa wa jaririya kwalli. Da ya ɗaure komai ya tada mota, sai ya dafa kan sanda a jikin injin, ya kara kunne a gindin sandar, ya lumshe ido.

"Sannu, 'yar tsohuwa," ya ce wa motar. "Kin sha wuya. Yanzu ƙirjinki ya washe."

Na yi tari da ƙarfi, da gangan. Na ƙara.

Ko ido bai buɗe ba. "Ke, je ki wajen innarki, kina hana ni jin ta."

Baba ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa, ni ma ga furfura. Shi dai tuni na yafe masa. Ita motar ce har yau ban yafe wa ba.