Mai Shelar Fulatan

Tun daga kwanar rafi ake fara jin lasifikar, shi ya sa duk Talata Rumasa'u take gama wanke-wanke da wuri. Ta yi wa Bahijja wanka, ta sa mata kwalli, ta goya ta, ta fito gindin darbejiyar ƙofar gida ta tsaya.

Motar ƙaramar hukumar Rogo ce, farar a-kori-kura da lasifika ɗaure a kanta. Tun da aka sassauta dokar kulle ta korona take zagaya ƙauyukan Fulatan, wani mako da iri, wani mako da taki, wani lokacin sabulu kawai da takunkumi. A ƙofar dagaci ake sauke kaya, amma kafin ta kai can sai ta bi ta gaban gidansu. Muryar da ke tashi daga cikinta kuwa ta Nuruddeen ce, mijin Rumasa'u.

An ɗauke shi aikin shela ne don yana jin Hausa da Fulatanci. Yakan yi sallama, ya gai da manoma, ya gai da makiyaya, ya ce hukuma ba ta manta da kowa ba. Sai ya ɗan yi tari, ya ce a gafarce shi, ya shiga batun wanke hannu da rage cunkoso a kasuwa, sannan ya juya Fulatanci. Rumasa'u ta haddace shelar kaf, har wuraren da yake numfasawa.

Motar ba ta taɓa tsayawa a ƙofar gidan ba. Direbanta dai, wani dattijo Malam Sulle, yakan rage gudu.

Watannin da ba ta fita, da tsohon ciki, ta kan katanga take saurare. Ranar suna Nuruddeen ba ya nan. Mahaifinsa ne ya yi wa jaririyar huɗuba, ya yanka tunkiyar da ta rage a turke. Bayan arba'in Rumasa'u ta soma fitowa. Da motar ta matso sai ta kwance goyo, ta juya fuskar yarinyar wajen hanya, ta raɗa mata a kunne cewa ga babanta nan.

Surukarta, Inna Saude, da ta ji lasifikar ɗaki take shigewa ta saki labule. Matan maƙwabta da ke dawowa daga rijiya sukan sunkuyar da kai su wuce.

Iyayen Rumasa'u suna Kwanyawa, a ƙasar Karaye, kuma sun gaji da aike. Yayanta Hammawa ya zo ya ce zaman ya isa haka, an share mata ɗaki, ga shi can ma ƙaramar hukuma tana raba awaki ga mata irinta. Ta ce ba yanzu ba. Ba ta gaya masa dalili ba: motar Rogo iyakarta ƙasar Rogo, ba ta ƙetarawa Karaye, a can wani ne yake shela. Ga Bahijja ta fara waiwayawa idan ta ji muryar. Abin da uwar take so kawai shi ne muryar ta zauna wa yarinyar a kunne, yadda ko ta girma ba za ta ɓace mata ba.

Wannan Talatar Hammawa ya sake zuwa a kan babur, ya ce Baba ya ce kada ya koma ba tare da ita ba. Ta ɗaure kayanta ba gardama. Ta roƙe shi abu ɗaya, ya bari motar ta wuce.

Aka jiyo lasifika daga kwanar rafi. Rumasa'u ta kwance goyo. Sai ta tsaya cak, zanin goyon a hannu. Muryar wata budurwa ce, tana cewa allurar rigakafi ta iso asibiti, kyauta ce, kowa ya je. Bahijja ba ta ko waiwaya ba.

Rumasa'u ba ta san lokacin da ta kai tsakiyar hanya ba. Malam Sulle ya taka birki, ya kashe lasifikar, ya fito yana janye takunkumi daga bakinsa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya tambaye ta gida da goyo da tsofaffi, ta amsa duka. Sannan ta ce, "Baba, ina kuka kai mini baban Bahijja?"

Dattijon ya dubi yarinyar, ya dubi ƙullin kayan da ke kan babur. Ya ce daga ofis aka ba da umarni a canja sanarwa, ba yadda ya iya, an ma ce masa ta da ba ta da sauran amfani.

"Amma ban bari an yar da ita ba, 'yata," in ji shi. "Na san da ke. Duk Talata ina ganinki."

Ya zura hannu a aljihun gaba ya ciro wata 'yar takarda a nannaɗe, ya warware ta a hankali, ya juye abin da ke ciki a tafin hannunta: ɗan memori baƙi irin na waya, bai kai farcen ɗan yatsa ba.

Hammawa ya karɓa ya sa a wayarsa. Sallama ta tashi, aka gai da manoma, aka gai da makiyaya. Bahijja ta juyo da kanta, tana miƙa hannu. Sai ga ɗan tarin, tarin da ranar da aka naɗi muryar a sakatariya kowa ya ɗauka mura ce, wanda kafin mako biyu ya kai Nuruddeen kabari, tun Bahijja tana ciki.