Mai Kitson da Waya Ta Auna

Tunda kin kawo maganar gwajin nan da ake yi a waya, wanda wai yake auna yadda mutum ya iya zama da jama'a, gyara zama in ba ki misali.

An yi wata mai kitso a wata unguwa, mace mai sanyin hali, magana ba ta dame ta ba. Mata sukan zo su ɗora kai a cinyarta, kafin ta gama tsaga sun zazzage mata cikinsu: mai kukan miji, mai kukan ɗa, mai ciwon da take ɓoye wa 'yan gidansu. Ita kuwa ba ta iya ba da shawara ba. Iyakarta ta sassauta hannu ta ce, "Allah sarki," wani lokaci ma hawayenta ya riga na mai labarin zuba. Rannan wata ma'aikaciyar ofis ta zo kitso. Ana cikin yi sai ta ɗauko waya ta ce, "Anti, bari in gwada ki, mu ma an sa mun yi a wurin aiki." Tambayoyin da Turanci suke, tana karantawa tana fassara mata. Kin san abin da za ki faɗa wa wanda ke cikin baƙin ciki? Mai kitso ta ce a'a, bakinta mutuwa yake yi. Kina iya daurewa idan wani yana kuka a gabanki? Ta ce ina, ai ita ke kan gaba. Kin tabbata kina gane abin da ke ran mutane? Ta ce wannan kuma sai Allah. Haka ta bi su tana faɗin gaskiyarta, wayar kuwa ba ta da abin aunawa sai abin da aka gaya mata. Sakamako ya fito da jan rubutu, maki ko rabi bai kai ba. Aka ce fahimtar mutane ta yi mata ƙaranci, kuma irinta kan ƙara wa mai damuwa damuwa ba tare da sun sani ba. Ma'aikaciyar ta yi dariya ta ce wasa ne, ta ɗaura ɗankwalinta ta tafi, kafin ta kai bakin titi ta manta. Mai kitso ba ta manta ba. Karatunta bai yi nisa ba, a ganinta abin da masu ilimi suka zauna suka tsara ba zai yi mata ƙage ba. Ta shiga tuno duk gidan rasuwar da ta je ta zauna kamar kurma, duk matar da ta zo da kuka ita kuma ta taya ta. Kunya ta rufe ta. Ashe nauyi take ɗora wa mutane shekara da shekaru, kawaici kawai suke yi mata!

Ba a daɗe ba mijin aminiyarta ya rasu, rashin lafiya ta 'yan kwanaki. Aminiyar nan tun suna 'yan mata suke tare, ita ta riƙe mata hannu ranar haihuwarta ta fari. Mai kitso ta je ranar da aka yi rasuwar, ta yi gaisuwa cikin taro, ta sulale kafin idanunsu su haɗu, don kada ta fashe da kuka ta tayar mata da hankali. Da jama'a suka watse, gida ya yi shiru, lokacin da mai takaba ta fi bukatar wanda zai zauna kusa da ita, sai mai kitso ta riƙa ɗaukar mayafi tana ajiyewa. Sau da yawa ta kai har bakin layinsu, ta hango ƙofar, jan rubutun nan ya faɗo mata a rai, ta juya. Takan ce a ranta, gara masu iya magana su je. Ta koma aika saƙon addu'a ta waya, irin wanda kowa ke tura wa kowa, ta aika da kunu, ta aika da sabulu. Ita dai ƙafarta ba ta sake taka gidan ba. Ran da ta yi ta maza ta shiga, sai ta tarar da kwaɗo a ƙofar ɗaki, tsakar gida duk busasshen ganye. Maƙwabciya ta ce matar ta fita takaba, yayanta ya zo ya kwashe ta da 'ya'yanta sun koma garinsu. Nan tsaye mai kitso ta kira aminiyar a waya. Aka ɗauka, aka gaisa da ita kamar baƙuwa. Ta fara kame-kamen bayani, maganar waya da maki, ita kanta ta ji abin ba shi da kan gado. Aminiyar ta bar ta ta gama, sannan ta ce, "Ba komai. Na dai yi ta kallon ƙofa." Ta yi mata sai an jima. Daga ranar, in mai kitso ta kira, yaran ne ke ɗauka su ce mamansu tana barci.

Har yau tana kitso a unguwar, hannunta bai canza ba. Sai dai takan kunna rediyo da ƙarfi kafin ta fara tsaga, matan kuma sun koyi yin shiru a cinyarta. Wayar ta auna bakinta, ta ba ta maki kaɗan, ita kuma ta yarda har ta ɗaure ƙafarta, abin da ba a tambaye ta a kansa ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, zumunci a ƙafa yake.