Unguwar Da Kowa Ke Lafiya Lau

Tun da mutane suka koma tambayar Mai-Amsa komai a wayoyinsu, ba wanda ya sake taka ɗakin da Malama Tasalla ke sauraron masu damuwa. Ranar Laraba ta tafi ofishin rajista, inda ake saka sunayen masu sana'a a cikin Mai-Amsa.

"Malam Tanimu, a taimaka. Na'urar nan ko sunana ba ta ambata."

Ma'aikacin ya duba allo. "Hajiya, ai unguwarku ba ta buƙatar ki. Kullum Mai-Amsa na gaida kowa da safe. Mutum dubu huɗu, amsa ɗaya: lafiya lau."

"Gaisuwa ce fa! Wa ka taɓa gaidawa ya ce maka ba lafiya?"

"Ita dai abin da aka faɗa take rubutawa."

Ta tuna Ilu tela, wanda ya faɗa rijiya da kansa shekaranjiya. Ta roƙa a duba amsarsa. Lafiya lau, har safiyar ranar.

Mai-Amsa ta yi magana daga wayarta cikin jaka. "Ina kwana, Malama Tasalla?"

Ta buɗe baki za ta faɗi gaskiya. Tanimu na kallon ta, mutanen da ke layi a bayanta sun kasa kunne.

"Lafiya lau," in ji ta.